Kwafe faifan garmaho zuwa kwamfuta a gida: tambayoyi da amsoshi

A gidaje da dama na cikin birnin Katsina, da Daura da Funtuwa, akwai adaka ko akwatin ƙarfe da aka gada cike da faya-fayan garmaho: makaɗan fada, masu kalangu da kukuma, waƙoƙin Indiya da na Sudan. Wasu daga cikinsu ba a sake buga su a kaset ko CD ba, don haka faifan da ke cikin adakar nan yana iya zama ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka rage. Ga tambayoyin da masu irin wannan ajiya suka fi yi.

Waɗanne kaya nake bukata?

Abu huɗu ne a jere, kowane yana miƙa wa na gabansa. Garmaho mai lafiyayyar allura, sai ƙaramar na'urar ɗaga sauti da masu gyaran rediyo ke kira firiyam, sai akwatin sauti na USB da ke juya sautin ya zama lambobin da kwamfuta ke ganewa, sannan kwamfutar kanta da manhajar ɗauka. Manhajar Audacity kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma tsohuwar laftof ma ta ishe ta.

Wasu na'urorin sun haɗa biyu ko uku a jiki ɗaya. Behringer UFO202 firiyam ce kuma akwatin USB ce, ba ta fi tafin hannu ba. 'Yar'uwarta UCA202 ba ta da firiyam a ciki, kuma nan ne masu saye ke yawan ruɗewa domin kamarsu ɗaya. Garmaho irin Audio-Technica AT-LP120XUSB ya haɗa duka, kebul ɗaya ne daga shi zuwa laftof. Idan ba a samu a babbar kasuwar Katsina ba, a nema a Sabon Garin Kano ko a yi odarsu daga Alaba ta Legas.

Wanda ba mu ba da shawararsa shi ne ɗan garmahon nan mai siffar jakar hannu da lasifika a jikinsa. Hannunsa mai riƙe da allura na danna faifai da nauyin giram 5 ko fiye, allurarsa ba ta daɗewa, lasifikar kuma tana jijjiga allurar da take ɗauka da ita. Araha ba ta ado.

Me zai hana in kara wayata a bakin lasifika, ko in jona garmahon kai tsaye a laftof?

Wayar za ta ɗauki ɗakin ne gaba ɗaya: fanka, babur ɗin da ya wuce ta lungu, amon bango, da duk wani lahani na lasifikar.

Jonawa kai tsaye kuma tana da matsala biyu. Ta farko, wutar da ke fitowa daga kan allura 'yar mitsitsiya ce, milibolt 3 zuwa 5, alhali mashigar sauti tana jiran abin da ya kai ɗari uku. Ta biyun ta fi muhimmanci. A lokacin da ake yanka faifai, da gangan ake rage kaurin sauti a kuma ƙara siririnsa, domin tsagar da allura ke bi kada ta yi faɗi ta cinye fili. Tsarin da aka daidaita a kai tun 1954 sunansa RIAA, kuma ragin da ƙarin suna kaiwa desibel 20 a kowane gefe, desibel kuwa ma'aunin ƙarfin sauti ne. Aikin firiyam shi ne ta mayar da kaurin ta sauke siririn. In babu ita za ka ji ganga kamar ana buga gwangwanin madara, muryar mawaƙi kuma ta koma tsiririya.

Ramin makirfo na laftof shi ma ba wurin wannan aiki ba ne, kunne ɗaya yake ɗauka kuma yana fasa sauti. Kwamfutar tebur mai shuɗin rami a baya tana iya karɓa daga firiyam. Idan kana da tsohuwar amfilifaya mai rami da aka rubuta PHONO, to firiyam tana cikinta: garmaho ya shiga nan, ka fitar ta TAPE OUT ko REC OUT zuwa akwatin USB. A kula kada a bi ta firiyam biyu. Garmahon da ke da tasa a ciki, idan aka sake jona shi a PHONO, sautin zai kumbura ya dagule. A bayansa akwai ɗan makunni mai PHONO da LINE, a duba inda yake.

Na sayi garmaho na gwanjo, amma muryar mawaƙi tana ja kamar mai jin barci. Ya lalace ne?

Fara ƙirga juyinsa. Manna ɗan farin tef a gefen farantin, ka riƙe agogon waya. A gudun juyi 33⅓ a minti dole ya yi juyi 100 cif a minti 3. A gudun 45 zai yi 135.

Idan ƙirgar ta tsaya wajen 83, garmahon ɗan Amurka ne. Can wutarsu bolt 120 ce mai bugun 60 a daƙiƙa, tamu 230 mai bugun 50. Yawancin tsofaffin garmaho motarsu tana bin bugun wuta ne, saboda haka wanda aka ƙera don 60 zai sauko zuwa juyi 27.8 a minti. Tiransifomar sauke wuta tana gyara bolt, ba ta taɓa bugun. Mafita ita ce a canza ɗan ƙarfen da ke kan motar inda bel ke ratayawa zuwa na 50, in kuwa ba a samu ba, a ɗauka haka a gyara a Audacity da Change Speed a ninka da 1.2. Garmaho mai rubutun Quartz a jikinsa ba ruwansa da wannan, shi ke riƙe gudun kansa.

Idan kuma gudun yana hawa yana sauka, bel ne. Zafin Katsina yana cin roba, bel ɗin ya saki ko ya narke ya zama kamar kwalta. A goge ragowarsa da sifirit, a auna tsawonsa da zare, a nemo daidai shi. Robar ɗaure kuɗi da yankan tayar keke suna juya faranti, amma ba su riƙe gudu.

Zan iya ɗauka da janareta?

Gara a'a. Ƙaramin janareta gudunsa na sauyawa duk lokacin da firji ko famfon ruwa ya tashi, garmaho mai bin bugun wuta kuma zai bi shi, murya ta riƙa lilo. Inbata mai tsabtatacciyar wuta a kan batirin sola ta fi komai dacewa da wannan aiki, har ta fi wutar NEPA, tun da ba za a ɗauke ta ana tsakiyar waƙa ba. Inbata mai araha tana shigo da wani zzzz da ba ya fita.

Akwai wani huuum da ke bin duk abin da na ɗauka. Daga ina yake?

Bugun wutar gida ne mai 50 yake kutsowa. Duba bayan garmahon, ban da jan kebul da fari akwai wata siririyar waya mai kai kamar cokali mai yatsu. A ɗaure ta a kusar da aka rubuta GND a jikin firiyam ko amfilifaya. Da yawa daga masu wannan kuka a nan matsalarsu ke ƙarewa. In bai tafi ba, zare cajar laftof ka bar ta a kan batir. Cajojin kasuwa suna da datti sosai, kuma gidajenmu da yawa ba a binne musu wayar ƙasa ba. Sai a raba kebul ɗin sauti da wayoyin wuta, a nisanta sitabilaiza da tiransifoma daga kan allura kamar taku biyu. Bakin kebul da ya yi tsatsa a goge shi ko a canza.

Ana iya rage huuum daga baya da Notch Filter a kan 50 da 100 da 150, sai dai yana tafiya da wani abu na kaurin ganga. Kashe shi tun daga tushe ya fi.

Yaya ake wanke faifai?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace tasiri a kan abin da za ka samu a ƙarshe. Mafi yawan ƙas-ƙas ɗin da mutane ke ɗauka tsufan faifai ne, ƙura ce ta shekara arba'in da ta daskare a cikin tsaga. Ƙurar hunturu kuwa ba gari ba ce kawai, akwai ɓarɓashin yashi a ciki, allura tana tura shi yana kankare bangon tsagar.

Ruwan da za a yi amfani da shi tataccen ruwa ne, wanda masu cajin batir ke ƙara wa batirin mota. A nan a yi hattara ƙwarai: suna da ruwa iri biyu, akwai mai asid akwai tatacce zalla. Ka ce musu wanda ba asid kake so, mai hatimi a bakin gora. Ruwan rijiya da na burtsatse da fiya wata suna barin gishiri a cikin tsaga in sun bushe.

A lita 1 a ɗiga sabulun wanke kwano na ruwa ɗigo 2 ko 3, kada a wuce haka. A fara kaɗe ƙurar sama da burushi mai taushi, domin in aka goga tsumma a kan busasshen yashi an yi karce ke nan. A shimfiɗa faifan a kan tawul mai tsabta, a kife ƙaramin kofi a kan takardar tsakiya don kada ta jiƙe. A jiƙa ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau, a bi da'ira yadda tsagar ta tafi, ba a gicciye ba, zagaye 4 ko 5. A ɗauraye da tataccen ruwa zalla, a jingine shi a tsaye a cikin ɗaki rufaffe na kamar awa 1. Ba a shanya shi a rana, ba a kuma ɗora masa allura da sauran danshi. In ya bushe kada ya koma tsohuwar rigarsa ta takarda mai ƙura, a sa masa sabuwa.

Kananzir, fetur, omo da man goge takalmi duk ana jin masu cewa suna sa faifai ƙyalli. Suna sa shi ƙyalli, suna kuma kashe shi.

Na wanke tas, amma da hunturu yana ta tas-tas, ƙura kuma na manne masa.

Irin wutar nan ce da ke tashi in mutum ya cire rigar sanyi a cikin duhu. Bushewar iska ke kawo ta. A rufe tagogi, a yayyafa ruwa a ƙasa ko a rataye jiƙaƙƙen tawul a ɗakin, a share faifan da burushin kabon kafin a sauke allura. Wanda ba ya sauri ya bar faya-fayansa mafi daraja sai damina ta sauka.

Allurar da na tarar a jiki za ta yi?

A ɗauka ba za ta yi ba. Allurar lu'ulu'u tana yin awa 500 zuwa 1,000, kuma ba wanda ya san nawa ta gwanjo ta ci. Wadda ta cinye tana zama kamar kurfi, bi ɗaya take ta yi wa tsaga lahanin da ba ya gyaruwa. Alamarta ita ce sautin "s" yana fashewa, musamman a waƙar ƙarshe kusa da tsakiyar faifai. Lambar kan allurar tana rubuce a jikinsa, da ita ake neman sabuwa.

Sai nauyi. Juya ƙarfen da ke bayan hannu har hannun ya tsaya a iska bai sama bai ƙasa, mayar da zoben lambobi kan sifiri, sannan ka juya zuwa nauyin da kamfanin ya faɗa. Yawanci tsakanin giram 1.5 ne da 2.5, AT-VM95E misali giram 2 take so. Ƙaramin sikelin masu sayar da zinare yana tabbatar da shi. Ɗan maɓallin da aka rubuta ANTI-SKATE a sa shi a kan lamba ɗaya da nauyin. Tsabtace allura kuma daga baya zuwa gaba ake yi da ɗan burushi, ba da yatsa ba.

Tsohuwar dabarar ɗora kwabo a kan allura in tana tsalle, a bar ta. Tsalle yawanci datti ne ya toshe tsaga, ko teburin bai daidaita ba, ko nauyin ya yi kaɗan.

To yaya ake ɗaukar kanta?

Jona akwatin USB kafin ka buɗe Audacity, in ba haka ba ba za ta gan shi ba. A Audio Setup zaɓi shi a matsayin abin ɗauka, tashoshi 2, wato kunnen dama da na hagu, lamba 44,100. Wannan da bit 16 shi ne ma'aunin CD kuma ya wadatar. In akwatinka yana iya bit 24, yi da shi, yana ba da sarari wajen gyara.

Nemo wurin da kiɗa ya fi ƙarfi a faifan, inda 'yan amshi da ganguna suka haɗu, ka kunna kana kallon ma'aunin sauti. Ƙololuwarsa ta tsaya wajen -6. Idan ta taɓa sifiri ta yi ja, kan sautin ya yanke, kuma abin da ya yanke ba ya dawowa. Wanda ya yi ƙasa kaɗan ana ɗaga shi daga baya ba tare da asara ba.

Danna jan maɓalli tukuna, sannan ka sauke allura. Bar fuskar faifan ta tafi gaba ɗaya a fayil ɗaya, kada ka tsaya tsakanin waƙoƙi. Fuska ɗaya ta babban faifai minti 20 ce zuwa 22, kuma haka za ka zauna, ba a gaggauta ta. Saurara da abin kunne, lasifika a kashe, domin amonta na komawa cikin allura. Garmahon ya zauna a kan tebur mai nauyi, yara kada su yi guje-guje kusa. A hana kwamfutar yin barci.

Da ka gama, kafin ka taɓa komai, fitar da shi a WAV ka adana. Wannan shi ne uwar kwafi. Duk gyaran da za a yi a kan kwafinsa za a yi.

Kunne ɗaya kawai ke fitowa, ko duka biyun iri ɗaya.

Windows tana yawan ɗaukar akwatin USB a matsayin makirfo mai tasha ɗaya. Shiga saitin sauti, wajen kayan ɗauka, ka mayar da shi tashoshi 2 a kan 44,100. In ba ya ɗauka sam, duba ko an hana manhajoji amfani da makirfo a saitin sirri. In har yanzu kunne ɗaya shiru, sauya jan kebul da fari: idan shirun ya koma ɗaya kunnen, matsalar tana wajen garmaho, galibi ɗaya daga siraran wayoyi 4 da ke bayan kan allura ce ta saki.

Manhaja za ta iya cire duk ƙarar?

Za ta iya, amma da kiɗan za ta haɗa. Click Removal tana neman sauti mai tashi farat ɗaya ya sauka, kuma haka bugun kalangu yake, haka kaɗin kuntigi da tafi da shantu. In aka matsa mata, sai ka tarar gangar ta zama kamar an lulluɓe ta da bargo. Garin neman gira a rasa ido. Ga kiɗanmu hanya mafi aminci ita ce a bi manyan ƙas ɗin ɗaya bayan ɗaya: a faɗaɗa hoton sautin har a ga tsinin, a zaɓe shi, a sa Repair. Tana gyara ɗan guntu ne ƙwarai, abin da bai wuce ɗigo 128 ba, amma ba ta taɓa abin da ke gefensa.

Ga shuuu na bango, ɗauki samfurin shirun da ke tsakanin waƙoƙi biyu ka ba Noise Reduction, ka tsaya a desibel 6. In ka ji muryar ta fara kama da ta mai magana a cikin randa, ka wuce gona da iri, koma baya. High-Pass Filter a kan 20 ko 25 yana cire gurnanin motar garmahon ba tare da an ji ba. Idan faifan mai tasha ɗaya ne, an rubuta MONO a jikinsa, haɗe tashoshin biyu su zama ɗaya, wannan kaɗai yana rage ƙara sosai. A ƙarshe Normalize zuwa -1, a kan fuskar gaba ɗaya ba waƙa-waƙa ba. Sai ka sa alama a farkon kowace waƙa da Ctrl da B, ka rubuta sunanta, ka fitar da su fayil-fayil.

Ɗan ƙas-ƙas da ya rage ba aibi ba ne. Kunne yana mantawa da shi cikin minti ɗaya, muryar da aka shaƙe kuwa ba ya sabawa da ita.

WAV, FLAC ko MP3?

WAV yana cin kimanin megabait 10 a minti, faifai mai minti 45 ya kama 450 ke nan. FLAC yana matse shi zuwa kusan rabi ba tare da zubar da komai ba, shi ya fi dacewa da ajiya. MP3 yana zubar da wani ɓangare har abada: a 320 yana cin megabait 2.4 a minti, a 128 kusan 1. Shi ne na mota da waya da rediyo mai memori. Daga FLAC ana yin MP3 ko yaushe, daga MP3 ba a komawa. In za a tura wa ɗan'uwa ta WhatsApp, a tura a matsayin takarda.

Wasu faya-fayan sun fi nauyi, kuma suna gudu da sauri. Su fa?

Waɗannan su ne masu gudun 78, na zamanin garmahon da ake murɗawa da hannu, kafin babban faifai ya fito a 1948 da ƙaramin mai 45 a 1949. Ba roba ba ne, da wani irin ƙaro aka yi su, suna fashewa kamar tangaran, kuma sifirit yana narkar da su nan take. Ruwa da ɗigon sabulu kawai, a hanzarce, ba jiƙawa. Tsagarsu ta fi faɗi kusan sau huɗu, saboda haka allurarsu daban ce, ta yau da kullum tana nutsewa ƙasan tsagar ta kwaso ƙara zalla. Kada a mayar da su kan garmahon hannu mai allurar ƙarfe, nauyinsa ya wuce giram 100. In garmahonka ba shi da 78, ɗauka a 45 ka ninka gudun da 1.733. Yawancinsu sun riga tsarin RIAA, don haka sai an ɗan daidaita kauri da siriri da kunne.

Faifan ya lanƙwashe. Akwai dabara?

Idan allura tana iya bin sa, ɗauke shi haka nan tukuna. Sannan a sa shi tsakanin gilasai biyu masu kauri, a ɗora littattafai, a bar shi makonni a cikin ɗaki. Masu cewa a fitar da gilasan rana ba su san ranar Afrilu a Katsina ba, tana narkar da tsagar kanta.

Me zan rubuta a kan fayil?

Sunan mawaƙi, sunan waƙa, kamfani, lambar faifai, fuska ta ɗaya ko ta biyu, da shekara in an buga ta. Akwai kuma wata lamba da aka karce a santsin da ke kewaye da takardar tsakiya, a kwafe ta. A ɗauki hoton riga gaba da baya da takardar tsakiya a inuwa mai haske. A sunan fayil a guji ƙ da ɗ da ɓ, rediyon mota yana mayar da su shirme, a rubuta su daidai a bayanan cikin fayil. In akwai dattijo a gida da ya san wa aka yi wa waƙar da dalilinta, a tambaye shi yanzu a rubuta.

Ya halatta in sayar ko in ɗora a YouTube?

Kwafe faifanka don sauraronka abu ne daban da sayarwa ko yaɗawa. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, ɗaukar sauti tana da kariyar shekara 50, waƙar kanta kuma shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan haƙƙin waƙoƙinsa yana hannun magada har ƙarshen 2069, ko da faifan ya haura hamsin. Mai niyyar yaɗawa ya nemi iyalan mawaƙin.

Na gama. In zubar da faya-fayan?

Kada ka zubar. Filash na mutuwa ba sallama, na jabu kuma sun cika kasuwa, wanda aka rubuta gigabait 64 ya ɗauki 8 ya haɗiye sauran. Ajiye kwafi 3: a kwamfuta, a hadis, wato ma'ajiyar fayil ta waje, da ke wani gidan, da kuma intanet. Gigabait 15 na kyauta a Google Drive zai ɗauki faifai kimanin 50 a FLAC. Duk shekara a buɗe a saurari kaɗan don a tabbatar suna nan.

Faya-fayan kuma a jera su a tsaye kamar littattafai, ba a kwance wani kan wani ba, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da rufin kwano da bangon da rana ke duka. A ɗaga akwatin daga ƙasa a kan bulo saboda gara da ruwan damina, masu gudun 78 kuma a ware musu nasu akwatin da kwali a tsakaninsu.